Daren da aka sayi alƙali: waiwaye kan karon Hogan da Andre na 1988

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a Ɗan Isa ko Birnin Ƙonni ko Magarya bayan an tashi kasuwa, ya san akwai wata gardama da ba ta tsufa, wato ko kokowar Turawan nan da ake nunawa a talabijin ta gaskiya ce, ko kuwa shiri ne. A wannan gefe na iyaka wasu na ce mata kach, a tsallake kuwa resilin suke cewa. Wani zai rantse maka da idonsa ya ga jini, wani kuma ya ce ai ko ƙaramin yaro ya san naushin ba ya sauka. A yau filin namu zai koma shekara ta 1988 domin duba wani shiri na awa ɗaya, wanda a ganina ya fi kowane dacewa da raba wannan gardama. Labarin da ke cikinsa na ciniki ne da cin amana, irin wanda ɗan kasuwa zai gane tun kafin a fassara masa Turancin.

Sunan shirin The Main Event, ma'ana babban karo. Kamfanin WWF, wanda tun 2002 ake kira WWE, shi ne ya shirya shi, tashar NBC ta Amurka kuma ta watsa shi kai tsaye a daren Juma'a 5 ga watan Fabrairu 1988, daga zauren wasanni na Market Square Arena da ke birnin Indiyanapolis. Masu ƙididdigar kallon talabijin a can sun ce mutum kimanin miliyan 33 ne suka kalle shi. Domin mai karatu ya auna, ƙidayar jama'a da aka yi a Nijar cikin wannan shekara ta 1988 ta ba da mutum miliyan 7 da ɗoriya, ke nan masu kallon sun ninka al'ummar ƙasar ta lokacin fiye da sau huɗu. Har yau babu wani shirin resilin da ya sake tara jama'a haka a talabijin ɗin Amurka.

Ni dai ban gan shi ba sai bayan shekaru, ina yaro, a wani gidan bidiyo na zana da bencina inda ake biyan dala biyar a shiga, injin wuta na ruri a bayan katanga. Kaset ɗin kwafi ne na kwafi har launinsa ya koɗe, kuma babu mai jin Ingilishi a cikinmu sai wani ɗan lakol guda da ke fassara mana abin da ya ga dama. Duk da haka da aka zo ƙarshe sai da wani dattijo mai sayar da goro ya miƙe tsaye yana tsine ma alƙali, mai gidan na roƙon sa ya zauna kada ya ture talabijin. Kwanan nan na sake kallon shirin daga farko har ƙarshe a wayar salula, ga kuma abin da na gani.

Asalin rigimar

Kafin mu shiga fili ya kamata a san dokar wasan, domin duk labarin a kanta ya rataya. A kokowarmu ta gargajiya da zarar an kai mutum ƙasa magana ta ƙare, makaɗa su ɗauka. A resilin kuwa sai an danne kafaɗun mutum duka biyu a kan dandamali, alƙali ya buga hannunsa a ƙasa sau uku, sannan a ce an ci shi. In ya ɗaga kafaɗa ko da guda ce kafin bugu na uku, ƙirga ta lalace, wasa ya ci gaba. Abin da ake bai wa zakara a maimakon takobi kuwa, wata faffaɗar ɗamara ce ta fata mai farantan ƙarfe masu ruwan zinariya, ita ce kambun.

A lokacin ɗamarar na ƙugun Hulk Hogan, wanda ainihin sunansa Terry Bollea. Ya karɓe ta ranar 23 ga Janairu 1984 a birnin New York daga hannun Iron Sheik, ya riƙe ta shekara huɗu cur. Shi ne ɗan gaban goshin kamfanin, mai kaya ja da rawaya, yana yaga rigarsa a gaban jama'a, yana yi ma yara nasiha su motsa jiki, su yi addu'a, su sha bitamin.

Abokin karon nasa shi ne Andre Roussimoff, mutumin Faransa, wanda ake kira Andre the Giant, wato Andre Basamude. Kamfanin na shelar tsawonsa mita 2 da santimita 24, nauyinsa kilo 236, ko da yake an san masu resilin da ƙara gishiri a awo. Ya fara wasa a Faransa da sunan Jean Ferre, ya bi ta Japan da Kanada, a 1973 ya shigo hannun mahaifin Vince McMahon, mai kamfanin, ya kuma shafe fiye da shekara goma a matsayin mutumin kirki da kowa ke ƙauna. A farkon 1987 aka juya shi ya koma mugu. Cikin wata hira ta talabijin ya fito tare da Bobby Heenan, uban gidan miyagun ƴan wasa, ya nemi Hogan ya ba shi karo, ya fizge masa riga da sarƙar wuya.

Sun haɗu ranar 29 ga Maris 1987 a babban taron WrestleMania na 3, a garin Pontiac na jihar Mishigan, inda kamfanin ya ce mutum 93,173 suka shiga, adadin da wasu masu bin diddigi ke cewa an kumbura shi. Hogan ya ɗaga Andre ya maka shi da ƙasa, ya ci. Sai dai tun a farkon wannan karo an dasa wata ƙaya: Hogan ya yi yunƙurin ɗaga shi ya kasa, ƙaton ya faɗo masa a kai, alƙali ya ƙirga biyu, ɓangaren Andre suka dage cewa uku aka ƙirga. Da wannan ƙorafi aka yi ta jan zare har wata goma.

Ana cikin haka sai ga mutum na uku, Ted DiBiase, wanda ake yi ma laƙabi da Mai Dala Miliyan, kuma dalar Amurka ake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba. Rawar da aka ba shi ita ce ta attajiri mara mutunci, wanda kullum maganarsa ita ce kowane mutum yana da farashinsa. Akwai ranar da ya kira wani ƙaramin yaro daga cikin ƴan kallo, ya yi masa alkawarin dala 500 in ya buga ƙwallo a ƙasa sau 15 ba ta kuɓuce ba, da yaron ya kai 14 sai ya sa ƙafa ya shure ƙwallon. In ya kayar da mutum kuma sai ya cusa masa takardar dala 100 a baki. A bayansa kullum akwai yaronsa Virgil riƙe da damin kuɗi.

A ƙarshen 1987 DiBiase ya taya ɗamarar a hannun Hogan, Hogan ya ce ba ta sayarwa ba ce. Da mai kaya ya ƙi sallamawa, sai attajirin ya bi ta bayan gida, ya sayi kwangilar Andre daga hannun Heenan, a kan sharaɗin Andre ya ciwo ɗamarar ya kawo masa. Aka sa hannu a takardar karon ranar 24 ga Janairu 1988 a birnin Hamilton na Kanada, inda Andre ya buga kan Hogan da tebur, ya kife masa teburin a ka. Da wannan wuta aka shigo daren Indiyanapolis.

Karon share fage

Masu sharhi a daren su biyu ne: Vince McMahon, wanda yawancin ƴan kallo a lokacin suka ɗauka ma'aikaci ne kawai alhali shi ne mai kamfanin, da Jesse Ventura, wanda aikinsa shi ne goyon bayan miyagu, mutumin da daga baya ya zama gwamnan jihar Minesota daga 1999 zuwa 2003. Musun da suke yi da juna rabin daɗin shirin ne, domin ko ba ka jin yaren kana jin wanda ke murna da wanda ransa ya ɓaci.

An buɗe da karon Randy Savage da Honky Tonk Man a kan ƙaramar ɗamara, wadda ke bin ta Hogan a daraja. Honky Tonk Man mai kwaikwayon mawaƙin nan Elvis Presley ne, yana yawo da gita, kuma a watan Oktoba 1987 ya taɓa ture Elizabeth, matar Savage, ya fasa ma mijin gita a ka. Saboda haka jama'a sun zo da yunwar ramuwa. In ana maganar iya wasa, wannan karo ya fi babban kyau nesa ba kusa ba, domin Savage yana da sauri kamar kyanwa, yana hawa kan igiya ya diro, kuma ya iya nuna ciwo har ka tausaya masa. Ya ci nasara, amma ta hanyar da abokin karon ya daɗe a wajen dandamali har alƙali ya ƙirga goma, kuma dokar wasan ta ce ɗamara ba ta sauya hannu da irin wannan ci. Mai gita ya tafi da kayansa, jama'a suka samu rabin biyan buƙata. Ya ci gaba da riƙe ta har watan Agusta na 1988, lokacin da Ultimate Warrior ya ƙwace ta cikin daƙiƙa 31.

Minti tara

Babban karon bai wuce minti tara ba, kuma gaskiyar magana, wanda ya zo neman gwaninta zai tashi da ƙorafi. Andre na lokacin ba Andre na da ba ne. Yana tafiya a hankali, yana yawan dafa igiya, kayan aikinsa ba su wuce shaƙe wuya da karo da kai da mari a ƙirji da taka mutum ba. Hogan ne ke yin motsin mutum biyu: ya ruga, ya yi naushi, ya koma igiya ya dawo, ƙaton na tangaɗi ya ƙi faɗuwa, jama'a na ihu. A kallon farko ina yaro na ɗauka ƙarfin Andre ne ya hana shi faɗuwa. A kallo na biyu na lura cewa an tsara wasan ne yadda ba zai yi ta faɗuwa yana tashi ba, domin tashi daga ƙasa wahala ce gare shi. An ɓoye raunin mutumin an mai da shi abin tsoro, kuma wannan ma gwaninta ce ta daban.

Can kusa da ƙarshe Hogan ya hau igiya ta biyu ya diro ya kai Andre ƙasa, ya yi tsalle ya sauke masa cinya a wuya, wanda shi ne bugunsa na gamawa, ya danne shi. Alƙali kuwa yana can gefe yana jayayya da Virgil, bai juyo ba. Hogan ya tashi yana yi ma alƙali faɗa, Andre ya zo ta baya ya yi masa karo da kai, ya rungume shi ya jefa ƙasa, ya kwanta a kansa. Alƙali ya buga ɗaya, Hogan ya ɗaga kafaɗa sama ƙarara, kamara na kanta, amma alƙali ya buga biyu, ya buga uku, ya sa aka kaɗa ƙararrawa. Kwana 1,474 na sarautar Hogan suka ƙare a haka. McMahon na ta ihu cewa kafaɗa a sama take, Ventura na cewa alƙali ya ƙirga uku, magana ta ƙare.

Nan take mai hira Gene Okerlund ya shigo da makirfo, Andre ya sanar cewa ya miƙa ɗamarar ga DiBiase. A nan ne ma bakinsa ya suɓuce ya kira ta da sunan ɗamarar ƴan bibbiyu, kuskuren da ba a iya gogewa ba tunda kai tsaye ake watsawa. Aka ɗaura ma attajiri kambu a ƙugu ba tare da ya yi gumi ba. Sarautar Andre ba ta kai minti biyu ba.

Alƙali biyu, fuska ɗaya

Da a nan aka tsaya, da shirin bai wuce sauran irinsa ba, domin alƙalin da bai ga daidai ba tsohon zance ne a resilin. Abin da ya sa ake tuna daren har yau shi ne abin da ya biyo baya. Hogan na tsaye cikin ruɗani sai ga wani alƙali ya shigo dandamali, kaya iri ɗaya, tsawo ɗaya, fuska ɗaya da wanda ya yi ƙirgar. Suka tsaya suna nuna ma juna yatsa, Hogan ya dubi wannan ya dubi wancan, ya cafke su duka biyu ya rasa wanda zai doka. Sai ɗaya ya kai ma ɗan'uwansa naushi ya shure shi waje, da haka ya tona ma kansa asiri. Hogan ya ɗaga shi sama ya wurga shi ta saman igiya wajen su DiBiase. Bayan haka aka nuno Hogan a bayan fage yana kuka, yana tambayar nawa attajirin ya kashe aka yi ma wani mutum tiyata aka sauya masa fuska.

Babu tiyatar da aka yi. Dave Hebner da Earl Hebner tagwaye ne na haƙiƙa, haihuwar 1949 a jihar Bajiniya. Dave shi ne alƙalin WWF da kowa ya sani, kuma shi aka sanar zai yi alƙalancin karon. Earl kuwa yana aiki ne da kamfanin Jim Crockett, abokin hamayyar WWF, aka ɗauko shi a asirce dab da ranar, ta yadda yawancin masu kallon WWF ba su san da shi ba. A cikin labarin, an tsare Dave a bayan fage, Earl ya sa kayansa ya fito a madadinsa bayan ya karɓi kuɗin DiBiase.

Dalilin da ya sa abin ya ratsa mutane, har da dattijon nan mai goro, bai da wuyar ganewa. Kowa na iya haƙuri in ƙarfi aka fi shi. Amma a ce mai awo ne aka saya, a auna maka kayanka da mudun da aka ƙwanƙwasa ma gindi kana kallo, ka yi magana a ce ai mai awo ya riga ya faɗa, wannan ciwo ne da duk wanda ya taɓa kai hatsi kasuwa ya san shi. Masu shirin sun tabbatar kowane mai kallo ya ga kafaɗar nan da idonsa, suka mai da mutum miliyan 33 shaidun zalunci da ba su da inda za su kai ƙara.

Wa ya ci riba?

Kwanaki kaɗan bayan haka Jack Tunney, wanda ke fitowa a matsayin shugaban WWF, ya yanke hukunci. Ya ce hukuncin alƙali ba ya tashi, saboda haka Hogan ya sauka. Ya ce ɗamara ba a bayar da ita kyauta ko a sayar, sai an ci ta a fili, saboda haka DiBiase ba zakara ba ne. Andre kuma ya riga ya saki da hannunsa. Kujera ta zama babu kowa, attajiri ya tashi ba tsuntsu ba tarko. Aka sanar da gasar mutum 14 a WrestleMania na 4, ranar 27 ga Maris 1988 a birnin Atlantik Siti. A can Hogan da Andre suka sake haɗuwa, aka kore su duka biyu saboda dukan juna da kujera, Savage kuma ya yi karo huɗu a dare ɗaya, ya kayar da DiBiase a na ƙarshe da taimakon Hogan, ya zama zakara.

A nan ne ɗan kasuwa ya kamata ya buɗe ido. Shirin NBC kyauta aka kalle shi a gidaje, WrestleMania kuwa sai an biya. Daren Indiyanapolis ɗanɗano ne irin wanda mai kilishi ke miƙo maka a bakin tasha, kuma an zuba masa yajin da zai hana ka wucewa. Da karo guda na minti tara McMahon ya warware matsala huɗu. Ya cire ɗamara daga Hogan, wanda zai tafi yin fim ɗin No Holds Barred, ba tare da an gan shi ya sha kaye na gaskiya ba, darajarsa ba ta faɗi ba. Ya bai wa Andre sarautar da ta dace da sunansa ba tare da ya ɗora masa nauyin kare ta ba. Ya ƙara ma DiBiase baƙin jini, wanda a sana'arsu shi ne jari. Sannan ya share ma Savage hanya. Bayan shekara guda, a kashi na biyu na The Main Event ranar 3 ga Fabrairu 1989, aka raba Hogan da Savage a kan Elizabeth, aka sake sayar da karonsu a WrestleMania na 5. Attajirin da ke cikin labarin ya yi asara, na bayan labule kuwa ya cika aljihu sau biyu.

To, gaskiya ce ko shiri?

Kamfanin da kansa ya ba da amsa. A watan Fabrairu 1989 wakilansa sun bayyana ma majalisar dokokin jihar Niyu Jazi cewa abin da suke yi nishaɗi ne, ba gasar wasanni ta haƙiƙa ba, domin a fitar da su daga ƙarƙashin hukumar da ke sa ido kan dambe da kuɗaɗen da take karɓa. An san wanda zai ci tun kafin a fito, alƙali ma ɗan wasa ne, ta bakinsa ake isar ma ƴan kokowar saƙon lokaci ya yi. Saboda haka samarin da ke sa kuɗi a kan wane zai ka da wane su sani caca suke yi a kan fim ɗin da aka gama rubutawa.

Nan ne bambancinsa da kokowar takobi da ake yi a Nijar tun 1975, lokacin da Kantu na Maraɗi ya ɗauki na farko a Tawa. A filin takobi daɗin abin shi ne babu wanda ya san wa zai faɗi, kuma da za a ce an sayi alƙali da gari ya ɗauki zafi, domin martabar jiha ce a ciki. A resilin sayen alƙalin shi ne hajar da aka kasa. Wanda ya auna su da ma'auni ɗaya zai zalunci duka biyun.

Sai dai faɗuwar da nauyin da ciwon ba na wasa ba ne. Girman Andre cuta ce ta jiki wadda ke sa ƙashi ya yi ta girma ba tsayawa, an yi masa aiki a baya kafin waɗannan karawa, kuma cikin ciwo ya yi su. Ya rasu a wani otal a birnin Paris cikin Janairu 1993, yana da shekara 46, bayan ya je jana'izar mahaifinsa. Hogan mai yi ma yara nasihar bitamin ya amsa a gaban kotu a 1994 cewa ya yi amfani da magungunan kumbura tsoka, a shari'ar da aka yi ma McMahon aka kuma wanke shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Iyaye kuma su lura da yaran da ke gwada irin wannan tsalle a kan daɓen siminti, domin waɗancan mutane sun yi shekaru suna koyon yadda ake faɗuwa, a kan dandamalin katako mai shimfiɗa, duk da haka da yawansu sun ƙare da sanda.

Inda shirin ya gaza

Ba duka ne ya yi kyau ba. Karo na uku, na ƴan bibbiyu, tsakanin Tito Santana da Rick Martel a gefe guda da Bret Hart da Jim Neidhart a ɗaya gefen, an fara shi ne lokaci ya riga ya ƙure, tashar ta rufe ana tsakiyar wasa. Mutum huɗu da suka fi kowa iya kokowa a daren su ne aka yi ma rowar lokaci. Elizabeth kuma ba a ba ta abin yi ba sai tsoro da riƙe baki. Abin da ya fi tsaya mini a rai a kallo na biyu shi ne Virgil, baƙar fata tilo a cikin labarin, wanda aka tsayar a matsayin bara mai riƙe ma Bature jaka, ba ya magana sai an ba shi umarni. Sai a 1991 aka bar shi ya juya ma uban gidan nasa baya. Ina yaro ban ga komai a ciki ba, yanzu kuwa na gani. Shi ma Hogan, a 2015 kamfanin ya kore shi bayan an fitar da wata murya da aka naɗa inda yake kalaman wariyar launin fata, ya nemi gafara, aka mayar da shi a 2018. Mai kallo na yau ya san da wannan, ya yi nasa hukunci.

Yawancin mutanen daren sun riga mu gidan gaskiya. Elizabeth ta rasu a 2003, Savage a 2011, Okerlund a 2019, Dave Hebner a 2022, Virgil a 2024, Hogan kuma ranar 24 ga Yuli 2025 a jihar Fulorida yana da shekara 71. Zauren ma an rushe shi a 2001. DiBiase, mai cewa kowa na da farashi, daga baya ya koma mai wa'azin addinin Kirista. Earl Hebner kuwa a Nuwamba 1997 a birnin Montreal ya sake kaɗa ƙararrawa kafin lokaci, a karon Bret Hart da Shawn Michaels, sai dai a wannan karo Hart bai san da shirin ba, McMahon ne ya yi masa yankan baya da gaske.

Hukuncina shi ne, a matsayin kokowa shirin matsakaici ne, a matsayin wasan kwaikwayo kuwa yana cikin mafi kyau da resilin ya taɓa yi, kuma ya cancanci awa ɗaya daga lokacin mai karatu. Ana samun sa a intanet, masu tura finafinai a waya ma in an ba su suna da shekara za su nemo. In kun zo wurin ƙirgar ku zuba ido a kafaɗar Hogan, sannan ku dubi fuskar alƙali, wanda ko ɗaga kai bai yi ba. Allah ya raba mu da mudun algus, ya ba mu kasuwa mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.